FASHIN BAƘI: Mene ne kauri? Dokar kimiyya da ta haɗa tukunyar mazarƙwaila da baƙin man inji

A yankin rake na arewacin Jihar Kaduna, tun daga Likoro da Hunƙuyi a Ƙaramar Hukumar Kudan har zuwa Maƙarfi da Ikara, mai dafa mazarƙwaila ba ya buƙatar agogo ko ma'aunin zafi, domin muciyarsa ta ishe shi. Da farko ruwan rake yana bin muciya ba gardama. Yayin da wuta ke cinye ruwan, juyin yana ƙara nauyi a hannu, har a kai lokacin da mai dafawa zai san cewa ya kamata a sauke a zuba a kwanoni.

A fadamun wannan yanki kuma, manomin rani da zai sayi baƙin mai domin injin ban-ruwa yakan ɗiga shi a yatsa ya murza. In ya ji kauri, sai ya biya kuɗi. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Sai dai hannun mai mazarƙwaila yana gaya masa gaskiya, hannun mai sayen baƙin mai kuwa yana iya yaudararsa. Dalilin bambancin yana cikin wata doka ta kimiyyar fiziks wadda ta haura shekara 300, mai bayyana dangantakar ƙarfin gogayyar da ke cikin abu mai gudana da saurin da ake zamar da shi.

Kalmomi uku da ya kamata a fara sani

Abu mai gudana shi ne duk abin da ba ya riƙe siffa tasa ta kansa: ruwa, mai, zuma, jini, har da iska. Masana kan ɗauke shi tamkar falle-fallen takarda da aka jera, kowane falle yana iya zamewa a kan na ƙasa da shi.

Gaskiya ta farko game da waɗannan falle-falle ita ce, wanda ke taɓa bango yana manne da bangon. Ruwan da ke jikin bututu a tsaye yake, na tsakiya ne ya fi gudu. Shi ya sa ƙura ke taruwa a fuka-fukan fanka duk da gudun da suke yi: iskar da ke jikin ƙarfen tare da shi take tafiya, ba ta share komai.

Kalma ta farko ita ce saurin zamewa. Ana samun sa ta hanyar raba bambancin gudun falle biyu da tazarar da ke tsakaninsu. Idan aka sa ruwa tsakanin faranti biyu masu tazarar milimita 1, na ƙasa yana tsaye, na sama yana tafiyar mita 1 a daƙiƙa, saurin zamewa ya zama 1,000 a kowace daƙiƙa. Idan aka rage tazarar da rabi, saurin zamewa ya ninka, ko da gudun farantin bai canza ba. Wannan batu na tazara shi ne ginshiƙin fahimtar abin da ke faruwa a cikin inji.

Ta biyu ita ce ƙarfin gogayya, wato jan da falle ɗaya ke yi wa maƙwabcinsa a kan kowane murabba'in mita. Ma'auninsa faskal ne. Faskal 1 ya yi daidai da nauyin kimanin giram 100 da aka baje a kan murabba'in mita guda.

Ta uku ita ce kauri, wanda a littattafan kimiyya ake kira biskositi. Shi ne adadin da ke haɗa biyun farko. Kauri da nauyi ba abu ɗaya ba ne: man gyaɗa ya fi ruwa kauri nesa ba kusa ba, amma yana tasowa saman ruwa domin ruwa ya fi shi nauyi.

Dokar Newton

A shekarar 1687, a littafinsa na Principia, Isaac Newton na Ingila ya kawo hasashen cewa turjiyar da ke cikin abu mai gudana tana ƙaruwa daidai da saurin da sassansa ke wuce juna. A yau ana rubuta dokar kamar haka:

ƙarfin gogayya = kauri × saurin zamewa

Ma'anarta a bayyane take. Wanda ya ninka saurin juyi sai ya ninka ƙarfin hannu. Wanda ya daina juyi ba zai ji turjiya ko kaɗan ba. A nan ne abu mai gudana ya bambanta da daskararre. Robar da aka ja tana turjiya gwargwadon nisan da aka ja ta, kuma tana ci gaba da turjiyar muddin ana riƙe da ita. Ruwa bai damu da nisan da aka kai shi ba. Abin da yake turje wa kawai shi ne saurin da ake canza masa siffa a wannan lokaci, kuma ba ya neman komawa yadda yake.

Ana auna kauri da faskal-daƙiƙa, ko kashi ɗaya cikin dubu nata, wato milifaskal-daƙiƙa. An yi sa'a kaurin ruwa a zafin digiri 20 na ma'aunin Selshiyos kusan milifaskal-daƙiƙa 1 ne cif, saboda haka kowane adadi yana nuna sau nawa abu ya ninka ruwa. Iska tana da kimanin 0.018. Jinin mutum mai lafiya a manyan jijiyoyi yana tsakanin 3 da 4. Zuma takan kama daga 2,000 zuwa 10,000. A Jami'ar Queensland ta Ostireliya akwai gwajin wani nau'in kwalta da aka fara a 1927, wanda ɗigo tara kacal ya yi har zuwa 2014; an ƙiyasta kaurinsa ya ninka na ruwa sau biliyan 230.

Idan aka koma ga farantan nan biyu, ruwa zai ja farantin sama da ƙarfin faskal 1. Zumar da kaurinta ya kai 5,000 za ta ja shi da faskal 5,000, alhali gudun da tazarar ba su canza ba.

Abin da Navier da Stokes suka ƙara

Misalin faranti biyu ya shafi tafiya ta fuska ɗaya. Ruwa a kogi ko a tukunya yana motsi ta kowace fuska. Claude-Louis Navier na Faransa a 1822, da George Stokes a Kambirij a 1845, su ne suka faɗaɗa dokar ta game dukkan fuskoki. Stokes ya nuna cewa motsin ɗan ƙaramin yanki na ruwa ya kasu kashi uku: tafiya gaba ɗaya, juyawa gaba ɗaya, da canjin siffa. Na ukun kaɗai ke haifar da gogayya. Bokitin ruwa da aka ɗora a kan abin da ke juyawa da gudu ɗaya, bayan ɗan lokaci ruwan zai juya tare da bokitin kamar dunƙule guda, kuma babu wata gogayya a cikinsa, domin babu fallen da ke wuce wani.

Canjin siffa kuwa iri biyu ne: zamewa, da miƙewa kamar yadda zaren zuma ke sirancewa idan ana tsiyaya ta. A 1906 Frederick Trouton ya nuna cewa ga abin da ke bin dokar Newton, turjiyar miƙewa ta ninka ta zamewa sau uku. Lissafin Navier da Stokes shi ne har yau ake amfani da shi wajen hasashen yanayi, ƙera jirgin sama da tsara madatsun ruwa.

Zafi da yawan sukari

Dokar Newton ta ce kauri ba ya canzawa da saurin juyi. Ba ta ce ba ya canzawa da zafi ba. Kaurin ruwa yana sauka daga 1 a digiri 20 zuwa 0.65 a digiri 40, zuwa 0.28 a lokacin tafasa. A mai da zuma saukar ta fi haka tsanani. A yankin Zariya, inda sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15 a watan Janairu, zafin rana kuma ya haura digiri 35 a watan Afrilu, kwalbar zuma guda tana iya zama abu biyu daban a hannun mai saye. Iska kuwa akasin haka take yi, kaurinta ƙaruwa yake yi da zafi.

Ruwan sukari yana bin dokar Newton sau da ƙafa, amma kaurinsa yana hawa da sauri yayin da ruwa ke ƙonewa. A digiri 20, ruwan da ke da sukari kashi 20 cikin 100 kaurinsa kusan 2 ne. A kashi 60 ya kai kusan 58. A kashi 70 ya kusa 480. Ƙarin kashi goma kacal ya ninka kaurin sau takwas. Wannan hawa mai tsanani shi ne ya sa muciya ta zama amintaccen ma'auni: ɗan ƙaramin canji a yawan ruwa yana zama babban canji a hannu. Ƙari a kan haka, mai mazarƙwaila yana gwajinsa ne a cikin tukunyar, a kan wutar, da irin juyin da ya saba, wato a ainihin yanayin da aikin ke gudana.

Wannan lissafi yana da wata fuska ga masu sayen zuma. Tunda sukarin da aka dafa yana iya kaiwa kaurin zuma, kauri kaɗai ba ya tabbatar da cewa zuma tsantsa ce. Ƙa'idar abinci ta duniya ta Codex ta kayyade cewa ruwan da ke cikin yawancin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100, kuma gano haɗin sukari aikin ɗakin gwaji ne.

Masu saɓa wa dokar

Abubuwa da yawa na yau da kullum ba sa bin dokar Newton. A wurinsu kauri ba adadi ɗaya ba ne, yana canzawa da saurin zamewa. Fannin da ke nazarinsu ana kiran sa riyoloji, sunan da Eugene Bingham na Amurka ya yaɗa a shekarun 1920. Sun kasu gida huɗu.

Na farko, masu tsinkewa idan an juya su da sauri. Markaɗen tumatir, fenti da kunu mai kauri suna cikinsu. Zaruruwa da ƙwayoyin da ke cikinsu a harɗe suke idan suna zaune, juyi kuma yana jera su ta fuska ɗaya, sai turjiya ta ragu. Jini ma haka yake: a wurin da yake tafiya a hankali jajayen ƙwayoyi suna manne wa juna, a wurin gudu kuma suna rabuwa su lanƙwashe. A jikin mai cutar sikila ƙwayoyin suna taurara idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, su kasa lanƙwasa a ƙananan jijiyoyi. Shi ya sa likitoci ke nanata shan ruwa da guje wa sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar a Najeriya duk shekara.

Na biyu, masu taurara idan an matsa musu da sauri. Gasarar masara da ba a dafa ba, wadda wasu ke kira kamu, ita ce misali mafi kusa. Idan aka sa cokali a hankali yana nutsewa, idan aka caka da ƙarfi sai ta tsage kamar daskararren abu, domin ƙwayoyin sitaci sun cushe sun hana juna wucewa.

Na uku, waɗanda ba sa motsi sai ƙarfi ya haura wata iyaka. Man goge baki, taɓo, kwaɓin siminti da tumatirin gwangwani duk haka suke. Masu haƙa rijiyar burtsatse suna amfani da wannan hali: ruwan lakar da suke turawa cikin rami yana gudana idan famfo na aiki, idan an kashe kuma yana daskarewa ya riƙe tsakuwar da aka haƙo don kada ta koma ƙasa.

Na huɗu, masu yauƙi, irin miyar kuɓewa da karkashi. Dogayen zaruruwan da ke cikinsu suna sa su yi halin ruwa da na roba a lokaci guda, turjiyarsu ga miƙewa kuma ta zarce ninki ukun Trouton sosai. Abin da ya sa miyar ke bin cokali ke nan maimakon ta yanke.

Batun tumatir ya shafi wannan yanki kai tsaye, domin Ikara na da masana'antar sarrafa tumatir da gwamnati ta kafa tun farkon shekarun 1980. A ƙa'idar Codex, tumatirin da za a kira mai kauri na gwangwani dole narkakken sinadarin tumatir na asali ya kai kashi 24 cikin 100 a cikinsa. Masana'antu na auna gudunsa da ma'aunin Bostwick, wanda ke duba santimita nawa ya tafi cikin daƙiƙa 30. Amma sitaci ma yana kawo kauri, kuma ya fi tumatir araha. Gwangwanin da aka cika da sitaci da kala zai tsaya a cokali kamar na ƙwarai, manomin Kudan da Ikara kuma ya rasa kasuwar tumatirin da ya kamata a saya a wurinsa.

Me ya sa yatsa ba ya iya gwada baƙin mai?

A cikin inji, aikin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarafa biyu masu gudu ya hana su haɗuwa. Osborne Reynolds ya bayyana yadda hakan ke faruwa a 1886: ƙarfen da ke juyawa yana jan mai zuwa cikin matsattsiyar tazara, gogayyar man kuma tana haifar da matsin da ke ɗaga ƙarfen. In kauri ya yi ƙasa, fatar man ta sirance har ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga.

Tazarar da ake magana a kai ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Idan fuskar ƙarfe tana gudun mita 10 a daƙiƙa, kaurin fatar man kuma kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, saurin zamewa ya kai miliyan 1 a daƙiƙa. Murzawar yatsa ba ta kai wannan sauri, kuma a zafin inuwar kasuwa ake yin ta, yayin da man da ke cikin inji ke aiki a digiri 100 ko fiye.

Lambobin da ke jikin galan, kamar 20W-50, sun fito ne daga ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE. Lamba ta farko mai harafin W tana nuna halin man a sanyi. Ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100: mai lamba 40 yana tsakanin santistok 12.5 da 16.3, mai lamba 50 kuma tsakanin 16.3 da 21.9. Santistok ma'aunin kauri ne da aka raba da nauyin man. Ƙa'idar ta kuma tanadi gwaji a digiri 150 da saurin zamewa miliyan 1, inda mai lamba 50 dole kada ya gaza milifaskal-daƙiƙa 3.7. Man 20W-50 na ƙwarai yana tsinkewa kimanin sau tara tsakanin digiri 40 da digiri 100, kuma an yi lissafin injin da sanin haka.

Irin wannan mai yana ɗauke da dogayen zaruruwan sinadari masu rage masa tsinkewa a zafi. Saboda su, shi ma ba ya bin dokar Newton sosai: yana ɗan tsinkewa a babban gudu, kuma zaruruwan suna tsittsinkewa da tsawon aiki. Tsohon man da aka juye, wanda makanikai ke kira kwandem, yana iya yin kauri a hannu saboda baƙin hayaƙi da ƙonewa, alhali sinadaran kariyarsa sun ƙare. Idan aka tace shi aka sake ɗurawa a kwalba, yatsa ba zai bambanta shi da sabo ba.

Kaurin da ya wuce kima shi ma asara ne. Tunda ƙarfin gogayya kauri ne sau saurin zamewa, man da ya fi abin da injin ke buƙata kauri yana cin ƙarfin injin, ya mayar da shi zafi, ya ƙara shan fetur, kuma da sanyin safiyar hunturu yana jinkirin isa sassan da ke jiransa. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da injin ban-ruwa ya ƙona a banza tana fita ne daga ribar manomi.

Alhakin awo yana wuyan wa?

Tunda mai saye ba zai iya samar da digiri 150 da saurin zamewa miliyan 1 a bakin kasuwa ba, gwajin ya zama aikin hukuma. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, wadda aka kafa a 1971 aka sabunta dokarta a 2015, ita ke da alhakin ƙa'idar ingancin man inji, ta tsarin MANCAP ga kayan cikin gida da SONCAP ga na shigowa. Hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta samar, ita ke ba masu haɗa man inji lasisi. Zuma da tumatirin gwangwani suna ƙarƙashin NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Hukumar FCCPC kuma tana karɓar koken masu saye.

Akwai kuma batun tushen man. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina mata sashe na musamman domin samar da ɗanyen man da ake haɗa man inji da shi, daga nau'in ɗanyen mai da ake shigowa da shi daga waje. Matatar ta shafe shekaru ba ta aiki yadda aka tsara, saboda haka masu haɗa man inji a Najeriya sun dogara ga shigo da shi, farashinsa kuma yana bin dala. Duk lokacin da na ƙwarai ya yi tsada, kasuwar na kwalba marar suna ke buɗewa.

Tambayoyin da wannan ilimi ke bai wa ɗan ƙasa damar yi wa hukumomi da wakilansa a majalisa a fili suke: sau nawa ake ɗaukar samfurin man inji daga kasuwannin ƙauye irin na Maƙarfi da Hunƙuyi, a wane ɗakin gwaji ake auna shi, a wane zafi, kuma ina ake wallafa sakamakon? Ga mai saye kuwa, abin da ke hannunsa shi ne ya duba lambar da littafin injinsa ya ambata, ya nemi galan mai hatimin da ba a ɓalle ba, mai ɗauke da sunan kamfani, lambar SAE da alamar SON, sannan ya karɓi rasit.